Garin da Rana Ta Yi Yaji

To, jama'ar gardama, ku gyara zama, yau da ku nake. Tun da na ce na je garin da rana ba ta fitowa a ƙasar Norwe, kunnena bai huta ba. Wani ya aiko mini cewa in ji tsoron Allah. Wata Hajiya ta ce hotunan da na nuna na'ura ce ta haɗa su, wai ɗanta ma ya iya irinsu a waya. Wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai bai ce ƙarya nake ba, cewa ya yi, "Yaro, ko dai barci ka yi ta yi?" Su kuwa Zagezagi, da ma ba a raba su da neman magana, suka ce ai Bakano ko Kwanar Dangora ya je sai ya dawo da labarin da ya fi jakarsa nauyi. Na ji, na gode. Sai dai ku sani, a cikin tawagar tamu har da ɗanku, Bazazzage gaba da baya, kuma zan zo kansa.

Abokai ne tun na makaranta: ni, da Bazazzagen nan, da wani Bafulatani ɗan Adamawa, sai mai masaukinmu da ke karatun digiri na uku a can, wanda shi ya yi ta zuga mu har muka yi asusu muka tafi a farkon Janairu. Garin sunansa Tromso, can ƙuryar arewacin Norwe, tafiyar kusan sa'a biyu a jirgin sama daga Oslo. Ba ƙauye ba ne. Mutanensa sun haura 75,000, ga jami'arsu da aka kafa a 1968, ga babban asibiti, ga gada da ta haɗa tsibirin da garin yake da sauran ƙasa.

Mu fara da rana, tunda ita ta fi tsaya muku a wuya. Duniyar nan a karkace take zagaya rana, karkata ta kimanin digiri 23 da rabi. Mu a Kano muna kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa karkatar ba ta dame mu ba: tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a wajenmu bambancin bai kai sa'a biyu ba. Tromso kuwa tana dab da digiri 70, ta wuce layin nan na digiri 66 da rabi da kusan kilomita 350, kuma duk garin da ya wuce wannan layi da ɗan nisa akwai kwanakin da rana ba za ta leƙo shi ba. A Tromso, daga wajen 27 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu ba ta ɗagowa sam. Ko bayan nan duwatsun kudancin garin suna tare ta, sai 21 ga Janairu ake yin bikonta, a fito da yara 'yan makaranta, a ci wani burodi mai zaƙi da ake toyawa musamman don ranar. Kafin ku ce an zalunce su, ku jira bazara: daga kusan 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli ba ta faɗuwa, ko da ƙarfe sha biyun dare tana nan. Bashin da ta ci da sanyi take biya.

Kada kuma wani ya je majalisa ya ƙara gishiri, ya ce na ce duhu ne baƙi ƙirin dare da rana. Daga wajen ƙarfe goma na safe zuwa biyu akwai haske, irin na bayan sallar asuba kafin gari ya gama wayewa, shuɗi-shuɗi, kan duwatsu ya ɗan yi ja. Kana jiran ta fito, kana jira, sai ka ga hasken ya fara janyewa. Ƙarfe uku na yamma fitilun titi sun kama, cikinka na neman tuwon dare, idonka na neman katifa. A nan, Baba, maganarka ta ɗan taɓa gaskiya: Bafulataninmu ya taɓa tashi ya yi alwala zai yi asuba, agogo ya ce masa ƙarfe biyar na yamma ne.

Na ga Malam ya ajiye carbi, na san abin da ke bakinsa. Yaya aka yi da salla? Allah gafarta Malam, an yi ta, biyar cif. A tsakiyar garin akwai masallaci da ake kira Alnor, yana cikin masallatan da suka fi nisa arewa a duk duniya. Ba hasumiya, ba lasifika a waje, gida ne irin na maƙwabtansa, amma ranar Juma'a ga Somaliyawa, ga Larabawa, ga 'yan ƙasa da suka musulunta, sahu ya cika. A watannin da rana ta ɓace, da waɗanda ta ƙi faɗuwa, jadawalin Makka suke bi, salla da azumi. Ba da ka suka yi ba, fatawa suka nema, kuma malamai sun daɗe suna gina irin wannan hukunci a kan hadisin Dujal, inda aka yi umarni a ƙaddara lokutan salla idan yini ya fita daga al'ada. Mas'alar da muke ji a karatun zaure muna cewa sai ƙarshen zamani, ashe wasu da ita suke rayuwa duk shekara. Haka babin shafa a kan huffi na cikin Risala, wanda muka biya muna gyangyaɗi da zafin bazara. Sai da na ga mutum ya naɗe ƙafa da safa biyu, ya ɗaure takalmi mai igiya har ƙwauri, sannan na san darajar wannan sauƙi.

Sai sanyi, inda kuka fi yi mini dariya. Wai me ya kai mutumin da ke shiga bargo biyu a hunturun Kano ƙasar ƙanƙara, in ba neman ajali ba? To ga maganar da za ta ƙara muku haushi: na fi jin sanyi a ɗakina na Kano da asubar Janairu a kan ɗakin da muka sauka a Tromso. Ku yi ta salati, haka abin yake.

Da farko, garin bai kai yadda kuke zato ba. Akwai igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa tun daga wajen gaɓar Meziko, ta ratsa tekun Atlantika ta bi gaɓar Norwe, ita ke hana tashar jiragen ruwansu daskarewa. Matsakaicin sanyin Janairu a cikin garin wajen digiri 4 ne ƙasa da sifili. Sai ka bar bakin teku ka nutsa cikin ƙasa ake gwada 'yar ƙashi: a Karasjok, can gabas, an taɓa auna digiri 51.4 ƙasa da sifili a 1886. Amma ba wannan ne babban dalilin ba. Mutanen nan sun san sanyi zai zo, sun kuma shirya masa. Gidan katako ne, amma bangon cushe yake da abin tare iska, taga gilashi biyu ko uku a jere, hita a kowane ɗaki, har daɓen banɗaki ɗumi yake yi. Lantarkinsu, wanda yawancinsa daga ruwa ake samarwa, ko ƙiftawa bai yi ba har muka taho. Ka shigo, ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ka zauna da singileti kana kallon dusar ƙanƙara ta taga. Mu fa? Mun yi gini don gudun zafi, rufin kwano, daɓen siminti, taga mai luba da iska ke bi ta ko'ina. Idan waje ya sauka digiri 12, ɗaki yana 13. Ga bokitin ruwa na jiranka a banɗakin da ba rufi, ga kaushi, ga leɓe a tsage, ga kaskon rushi a tsakar ɗaki wanda duk shekara sai 'yan kwana-kwana sun yi ta roƙonmu a kansa. Sanyinsu a ƙofar gida yake tsayawa, namu shigowa yake ya kwana da mu. Waye a cikinmu ya fi cancantar a yi masa jaje?

Fita waje ma ilimi ne. Mai masaukinmu tun kafin mu taso ya kafa doka: ulu ne zai taɓa fata, ba auduga ba, don auduga tana riƙe gumi, gumin ya huce a jikinka ya zame maka masifa. A kan ulu suwaita, a kan suwaita riga mai tare iska, sai hula mai rufe kunne da safar hannu. A ƙasan takalmi a ɗaura wata roba mai ƙusoshi saboda santsi, yadda su ma motoci ke sa tayoyi masu ƙusoshi. A hannun riga a maƙala ɗan abin da ke ƙyalli idan fitilar mota ta haska shi, don direba ya gan ka cikin duhu. Kowa ya bi doka, ban da ɗan Zazzau. Shi sai da ya taho da shaddarsa mai aiki da hula zanna, wai zai yi hoto a cikin dusar ƙanƙara don 'yan unguwarsu su san ya fita kunya. An yi hoton, ya kuwa yi kyau. Abin da hoton bai nuna ba shi ne gudun da malam ya kwasa zuwa ƙofa, babbar riga na kaɗawa, haƙora na kaɗawa, santsi ya ɗebe shi ya zaunar a gaban wata tsohuwa da ke tafe da sandunanta hankali kwance. Ita ta miƙa masa hannu.

Hajiya, ki riƙe zaninki da kyau, ga wata kuma. A ƙofar wani gidan shan shayi mun ga kekunan jarirai a jere a waje, jariran na ciki suna barci, an naɗe su cikin ulu da fatar tunkiya, iyayen suna ciki suna leƙensu ta taga. Al'adarsu ce, sun ce yaro ya fi samun barci a iska mai sanyi. Na tuna gwaggona da ba ta bari a fito da jariri tsakar gida da hunturu sai rana ta take, na ce da ta ga wannan da ta tara unguwa.

Tunda na ambace ki, Hajiya mai ɗa gwanin waya, zo ki karɓi rabin gaskiyarki. Hasken nan kore da kika gani ya cika sama a hotuna, wanda masana ke kira orora, ya fi kore a hoto a kan yadda ido ke ganinsa. Kyamara tana buɗe idonta na 'yan daƙiƙu tana tara haske, idon ɗan Adam kuwa a duhu ba ya rarrabe launi sosai. Idan hasken mai rauni ne, sai ki ɗauka wani siririn gajimare ne fari-fari. Amma idan ya yi ƙarfi, ba kya buƙatar kyamara. Kuma ba a yin alƙawari da shi, gajimare kaɗai ya isa ya hana ki gani. Mu ma a cikin gari sama a rufe take, sai da direba ya kwashe mu cikin dare ta hanyar Skibotn, ya nufi iyakar Finlan, inda tsaunuka ke tare gajimaren teku. A can agogon mota ya nuna digiri 18 ƙasa da sifili, wayoyinmu suka rinƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, don batir ba ya jure irin wannan sanyi. Mun daɗe a tsaye, har an fara zagin wanda ya kawo shawarar tafiyar, sai ga shi ya keto daga bayan dutse, kore shar, gefensa ja-ja, yana naɗewa yana warwarewa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Bafulatani ya kama tasbihi da ƙarfi. Bazazzage ya ce ya gani, Allah Ya yi albarka, a buɗe masa mota.

Ba aljanu ba ne, kafin wani ya faɗa. Rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar da ke sama da mu da kilomita 100 ko fiye, iskar ta yi haske. Koren daga iskar oksijin yake. Wanda ya fara bayyana wannan da hujja wani masani ne ɗan Norwe, Kristian Birkeland, wajen shekarar 1900. Kun san me ya samu? Musu. Manyan masana na zamaninsa suka ƙi yarda, har ya rasu a 1917, sai a shekarun 1960 taurarin ɗan Adam suka tabbatar da maganarsa. Kun ga ke nan ba a kanku aka fara ba, kuna da magabata. Ƙasarsa ta saka masa da buga hotonsa a takardar kuɗi ta krone 200, ya zauna a kai shekaru, har 2017 da aka sake fasalin kuɗin aka cire shi aka sa hoton kifi.

Kada ku raina kifin nan, don kun san shi, wasunku ma sun ci shi a miya. Shi ne wanda ake busarwa ya yi tauri, 'yan kabilar Ibo na ce masa okporoko, Yarabawa na ce masa panla, ana jibge shi a kasuwar Sabon Gari. Daga Janairu zuwa Afrilu yake gangarowa daga tekun Barents zuwa tsibiran Lofoten, kudu maso yamma da Tromso, a kama shi a rataye a kan manyan ragayu na katako wata da watanni, ba gishiri, ba hayaƙi, iska mai sanyi kaɗai ke busar da shi. Italiya na ɗaukar zaɓaɓɓen, Najeriya na cikin manyan masu sayen sauran, musamman kawunan, kuma lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana cikin abincin agajin da aka rinƙa kaiwa. Wani mai kantin kifi da ya ji daga inda muke sai ya washe baki, ya ce ai mu manyan baƙi ne, ya yanko mana ɗanɗano kyauta. A ƙasar da ba a san ragi ba balle gyara, wannan ba ƙaramar karramawa ba ce. Wannan kuma ya amsa wa masu tambayar me muka ci: kifi, sabo fil, da dankalin Turawa, sai tuwon semo da miyar kuka da muka tuƙa da kanmu, don kuka da yaji da daddawa sun bi mu a jaka. Kilishi dai ba mu ɗauka ba, doka ta hana shiga da nama daga ƙasashe irin namu, ko da yake sai da aka kai ruwa rana kafin wani ya yarda ya bar nasa a gida.

Mun hau amalanken da karnuka ke ja, marar taya, sulu yake a kan ƙanƙara. Masu yatsina fuska, mu Malikawa ne, ku koma ku tambayi malamanku hukuncin kare mai rai. Abin da ya fi zauna mini shi ne ziyarar da muka kai wa Sami, 'yan asalin wannan yanki, makiyayan wata irin barewa mai rassan ƙaho da ke tona dusar ƙanƙara da kofato ta ci gansakuka. Suna da harshensu, da tufafinsu masu ado ja da shuɗi, da majalisarsu a Karasjok tun 1989. Muna zaune a bukkarsu ta fata da sanduna, wuta na ci a tsakiya, sai Bazazzage, da bakinsa ba ya shiru, ya tambayi makiyayin dabbobinsa nawa. Kafin mutumin ya buɗe baki Bafulataninmu ya daka masa harara, ya ce ba a yi wa makiyayi wannan tambaya. Makiyayin ya yi dariya ya ce haka ne, a wajensu ma rashin ladabi ne. Daga nan muka rasa gane kansu. Wannan ya nuna yadda ake tsaga kunnen dabba don a san mai ita, wancan ya ce su ma haka, aka shiga zancen makiyayar rani da ta damina, da hanyoyin kiwo da ake toshewa da gine-gine. Shayi ya huce, direba na ta duba agogo, su ko a jikinsu.

Ɗan Zazzau ya so ya rama kunyar shadda, sai ya ce shi zai yi abin da 'yan gari ke yi: a shiga ɗakin gumi na katako da ke bakin ruwa, a gasu, a fito a faɗa teku mai sanyin wajen digiri 5. Muka ce bismilla. Ya gasu, ya fito yana taƙama, ya sauka matakala, ruwa ya kai masa ƙugu. Ƙarar da ya saki, na tabbata an ji ta a Tudun Wada. Amma a faɗi gaskiya, ya nutsa har wuya kafin ya fito, abin da ni da Bafulatani muka ce mun yafe.

Saura Alhaji mai lissafi, wanda tun ɗazu yake danna kalkuleta. Ranka ya daɗe, ba zan yi maka musu ba, Norwe na cikin ƙasashe mafi tsada a duniya, kuma naira ba ta da ta cewa a gaban krone. Ga wahalar bizar Shengen, da takardar banki, da inshorar lafiya, da jira. Abin da ya cece mu shi ne tafiyar abokai: gida ɗaya muka kama muka raba kuɗin, muka rinƙa girki da kanmu, ruwan famfo muka sha don ya fi na roba daɗi, kayan sanyi kuma rabinsu na gwanjo ne, rabi aron mai masauki. Hutun gajere ne, kafin aljihu ya fara kuka mun juyo. Ka ce da kuɗin Umra na je. Allah Ya kai mu, amin, da ni da kai. Amma kai da ka faɗa, a tara abin da ka kashe bara a anko da liƙi da sauya waya, a gani ko bai kai Oslo ya dawo ba. Ni dai saɓawar dare da yini da ake fassara mana a tafsirin azumi, na je na gan ta da idona, gani kuwa ya kori ji. Masu cewa gudun hijira na je yi asirina ya tonu aka koro ni, ga ni, ga hatimin fita a fasfo, kuma ko an roƙe ni ba zan iya wata biyu ba rana ba.

Wanda duk wannan bai gamsar da shi ba, hanya a buɗe take. Ya nemi biza da wuri, ya sayi ulu, ya sauka a Tromso kowace rana ya ga dama a cikin Disamba, ya hau gadar garin da ƙarfe sha biyun rana, ya ɗauko mana hoton rana a sama. In ya kawo, kuɗin jirginsa zuwa da dawowa a wuyana.